Shekarar da Amya Ta Faɗo

Na san abin da kuka taso kuna ji game da mahaifiyarku. Ba a gabanku ake faɗa ba, amma ya iso kunnenku, domin na taɓa jin Sani yana tambayar yayarku Uwani ko gaskiya ne Umma ce ta raba ni da gidan mahaifina saboda tsoron ƙwaro. Ina zaure na ji tambayar, na ji Uwani ta ce masa ya rufe baki, ni ma na ja bakina na yi shiru. Yau shekara biyu ke nan da rasuwarta, ni kuma gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara dushewa. Gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro.

Tsoro kam tana da shi, ba zan ɓoye muku ba, ku ma kun gani. Mahaifiyarku Dije ba ta kwana ɗakin da ta ga yanar gizo-gizo. In zanzaro ya fara ɗaukar laka yana gini a jikin bango, ba za ta shiga ɗakin ba sai na kankare. Zirnako da rina kuwa, jin ƙugin su kaɗai ya isa ya sa ta saki duk abin da ke hannunta. Abin da ya ɗaure wa mutanen gidanmu kai shi ne ba matsoraciya ba ce a sauran al'amura. Watanta biyu da tarewa ta kashe kububuwa da taɓarya a bayan madafa, ko kiran kowa ba ta yi ba. Ita ke riƙe akuya in za ta haihu, ita ke ɗaure wa yara rauni in jini ya firgita sauran mata. Shi ya sa aka ɗauki tsoron nata iyayi ne na amarya, aka mayar da shi abin dariya.

A lokacin gandu muke yi a gidan Baba, Malam Idi, a ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Akwai Baba da Inna, akwai Yaya Garba da matarsa Lami da 'ya'yansu, sai ni da Dije. A bayan katangar gidan akwai wata tsohuwar ɗorawa wadda rassanta suka leƙo har tsakar gida, kuma a kanta Yaya Garba yake ɗora amyoyinsa na zuma, guda shida, saƙaƙƙu da ciyawa, kowace an ɗaure ta da igiya a tsakanin rassa. Sana'ar kakanmu ce, Baba bai yi ta ba, sai ta tsallako kan Yaya. Yana son ƙudan nan kamar yadda wani ke son dokinsa. Da bazara, in ruwa ya ƙafe a ko'ina, sai su sauko gidan neman sha, su yi baƙi a bakin randa da jikin guga. Kowa ya saba, hannu kawai ake sa wa a kore su a ɗebi ruwa. Dije kuwa sai ta tsaya daga nesa da moɗa a hannu tana jiran wani ya zo wucewa.

Lami takan ce, tana dariya, "Amarya, zo in ɗebar miki, kada su cinye wa Musa ke."

Inna takan ce, "Ke 'yar nan, in ba ki taɓa su ba, ba ruwansu da ke."

Baba ba ya magana da suruka kai tsaye, ni yake gaya wa. "Ka ce mata ta riƙa neman tsari da safe, ta rage ihun nan. Maƙwabta na ji."

Ni ma cikin masu dariyar nake, kuma na fi su laifi. Wata rana na tsinci mataccen zirnako a zaure, na ɓoye shi a tafin hannu, na shigo na same ta tana tsintar wake, na sakar mata shi a faifai. Na zaci za ta yi tsalle mu yi dariya. Ba ta yi ihu ba. Sandarewa ta yi, idonta a kan abin, numfashinta yana fita guntu-guntu kamar wadda aka shaƙe. Da na taɓa hannunta na ji shi sanyi ƙalau, ga rana tana dukan ƙasa. Kwana uku ba ta ce mini komai ba ban da gaisuwa. A rana ta huɗu, bayan azahar, ta kawo mini fura ɗaki, ta zauna a bakin gado ta juya mini baya.

"Malam, ina da ƙane, sunansa Habu. Ba a gaya maka ba don ba a zancensa a gidanmu."

Na ce ban taɓa ji ba.

"Ina shekara bakwai, shi bai cika biyu ba. Innarmu tana roron gyaɗa, ta ajiye mu a gindin tsamiya ta ce in kula da shi. Ashe akwai gidan rina a reshen da ke kanmu. Ban san abin da ya taɓa su ba. Ɗaya ta harbe ni a wuya, na tashi na zura da gudu. Sai da na yi nisa na tuna da shi. Ina jin kukansa, ƙafata ta ƙi komawa. Kafin la'asar ya cika."

Sannan ta ce, "Ko mari ba a yi mini ba. Innarmu har ta rasu ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ma dukana suka yi."

Na ba ta haƙuri, na yi mata alkawari zan yi wa Yaya magana a mayar da amyoyin wata bishiya can cikin gona. Ta roƙe ni kada in ba kowa labarin Habu. Roƙon nata na riƙe, alkawarina kuwa na yi ta ɗagawa. Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, ban saba buɗe baki a gabansa ba. Aka yi damina, aka yi kaka, ta tafi gidansu wajen Tofa ta haifi Uwani, ta dawo, wata bazarar ta sake zagayowa, ban ce masa uffan ba.

Uwani tana da wata biyar abin ya faru. Lokacin sharar gona ne, ɗorawa ta nuna. Baba ya hana kowa taɓa bishiyar nan da rana, domin zafi na sa ƙudan zuma faɗa, kuma Yaya ne kaɗai ya san inda ake sa ƙugiya in za a tsinko ɗorawar. Ranar na wuni tun safe ina tattara kara da ƙaya ina ƙonawa a gonar bayan gida. Wajen azahar yunwa ta kama ni, na ɗaga kai na ga ɗorawa tana reto. Babu wani dalili da ya wuce wannan. Kwaɗayi ne kawai na ɗan saurayin magidanci da ke ganin dokar uba ta yara ce. Na ɗauko gorar da ke jingine a katanga, mai ƙugiya a kai, na miƙa, na ji ta kama, na fizgo da ƙarfi. Ashe igiyar amya na kamo. Ina kallo ta sulluɓo, ta bugi reshe, ta bugi kan katanga, ta dare biyu, rabi ya faɗa cikin gida.

Na gudu. Ina so ku karanta wannan da kyau, domin shi ne abin da ba a taɓa faɗa muku ba. Na san matata da 'yata suna cikin gidan, amma ƙafata gona ta nufa. Na faɗa cikin hayaƙin sharar da nake ƙonawa na durƙusa, gorar tana hannuna. Da na ga abin da nake riƙe da shi, sai na cusa ta cikin wutar. Ina nan durƙushe na ji ihun mata da kukan awaki. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba kafin na yayumi buhu na rufa a ka, na ɗebi kara mai ci da wuta na nufi gida.

Abin da ya faru a ciki, Inna ce ta ba ni labari, domin ta leƙa ta tsakanin asabari ta ga komai. Kowa ya faɗa ɗakin da ya fi kusa da shi ya ja ƙofa. Dije tana cikin ɗakinta tun farko, ƙyaure kawai za ta tura ta tsira. Amma Uwani tana barci a tabarma ƙarƙashin rumfa, can ɗaya gefen tsakar gida, kusa da inda amyar ta faɗo. Inna ta ce ta ga Dije ta fito bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗaga ƙafa ta mayar. Sai kuma ta runtse ido ta ratsa tsakiyarsu a guje. Da ta isa ba ta iya dawowa ba. Sai ta kwance mayafinta ta naɗe yarinyar, ta kifa a kanta, ta tattare hannu da ƙafa ta rufe ta ruf. Kun san al'adarmu, 'yar fari ce, ko sunanta Dije ba ta faɗa, ko wasa ba ta yi mata a gaban mutane. Inna ta ce ranar tana jin ta tana kiran sunan yarinyar na yanka, tana maimaitawa, har muryarta ta dushe.

Ni da Yaya kusan tare muka shigo, shi daga masallaci. Shi ya san abin yi, ya tara bushasshen kashin shanu ya kunna, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Da muka ɗaga ta, bayanta da wuyanta da fatar kanta duk ƙarin ƙudan zuma ne, kamar an yayyafa mata ƙaiƙayi. Fuskarta ta haye har ba a ganin idonta. Uwani kuwa harbi biyu ta samu a ƙafa, tana ta tsala kuka, lafiyarta lau. Ragon Baba da ke ɗaure a turke bai kai la'asar ba. Muka ɗora Dije a amalanken shanun maƙwabcinmu zuwa bakin titi, muka samu mota zuwa asibiti. Kwananta biyar. Ma'aikacin da ya duba ta ya ja ni gefe ya ce Allah ne ya yi da sauran kwananta, kuma jikin da ya sha irin wannan dafin, ko harbi kaɗan nan gaba zai iya zama hatsari.

Da muka dawo na tarar gari ya riga ya yanke hukunci. An ce igiyar Yaya ce ta tsufa ta tsinke, sakacinsa ya kusa kashe matar ƙanensa. Yaya yana rantsuwa cewa da kaka ya sake igiyoyin nan duka da hannunsa, ba mai saurarensa. Ina zaune a zaure ake wannan magana, kaina a ƙasa. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na dubi fuskar Baba na haɗiye.

Dije ta warke a jiki, amma tsakar gida ta gagare ta. Amyoyi biyar suna nan a kan ɗorawa, ƙudan suna saukowa randa kamar kullum. Ta koma zama a ɗaki, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma, cikin zafin bazara. Alwala ma sai na kai mata buta. Abinci ya ƙi shiga, nono ya fara ɗaukewa, Uwani ta fara ramewa. Lami ta daina dariya, ita ke yi mata girkinta, amma na ji tana ce wa Inna, "To har yaushe? Ai abin ya wuce." Na je na samu Yaya a gindin ɗorawa na roƙe shi ya mayar da amyoyin gona. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Kai ma ka yarda da su ke nan. In na sauke su yau, na amsa cewa ni na yi. Ban yi ba, Musa. Igiyata sabuwa ce."

Na san sabuwa ce. Na juya na tafi wurin Baba. Na same shi bayan la'asar yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Ƙaddara ce, ta riga ta auku, Allah ya tsare. Tun zamanin mahaifina zuma take kan bishiyar nan, kafin wannan ba ta taɓa kashe ko kaza ba. Ba zan tozarta yayanka a idon gari don mace tana jin tsoro ba. Ta yi haƙuri, za ta saba."

Na ce, "Baba, ba za ta saba ba."

"Kai ka san gaibu?"

Labarin Habu yana bakina, ga nawa labarin a bayansa. Na farkon an ba ni amana, na biyun tsoro ya hana ni. Sai na ji kaina ina cewa, "To ka yi mini izini in fita da su."

Baba ya ajiye fartanyar.

"Damina a bakin ƙofa, za ka tsame hannunka daga gandu?"

Na ce, "Ka gafarce ni, Baba."

"Jeka. Ga jigawar can ta wajen makiyaya, ka ɗauka. Amma ka sani da ƙafarka ka fita, ba ni na kore ka ba."

Jigawar nan ita ce inda aka haife ku duka ban da Uwani. Yanzu kuna ganin mangwaro da darbejiya da gidan bulo, kuna zaton haka take. A lokacin rairayi ne zalla, ba bishiya ko ɗaya, shi ya sa ma na karɓa da hannu biyu. Na kafa bukka biyu da dangar kara kafin ruwan fari. Ba shanun huɗa, ba taki, ba hannun taimako. Inna ta bi mu da akuya ɗaya da tukunya da ƙwaryar gero, tana share ido da gefen mayafi. Geron da na shuka shekarar bai kai ƙuguna ba. Mun ci tafasa da rama har muka manta ɗanɗanon wani abu. Karatun da nake ɗauka wurin wani malami a Minjibir, wanda nake burin in yi nisa a cikinsa, a nan ya tsaya, domin da rani sai na shiga Kano leburanci. Amma sati biyu da komawarmu na dawo daga gona na tarar Dije a waje, a fili, tana daka, Uwani a bayanta, tana ɗan waƙe-waƙenta. Na tsaya a bakin danga ban shiga ba sai da ta sauke taɓarya.

A cikin daminar nan na gaya mata gaskiya. Muna yaɓen bangon bukka da safe, ita tana miƙo laka ina shafawa. Na faɗa mata komai, har gudun da na yi, har gorar da na ƙona. Na jira ta yi kuka ko ta zage ni. Sai ta ci gaba da cura lakar da ke hannunta.

"Na san yadda ƙafa take yi, Malam. Ba sai ka yi mini bayani ba."

Na ce zan je in faɗa wa Baba da Yaya.

"Ka bari tukuna. Yanzu Baba yana ganin mace ce ta janye ka, yana jin haushina, kai kuma yana amsa gaisuwarka. In ya ji wannan, har gaisuwar za ka rasa. Ni ba 'yarsa ba ce, zan iya ɗauka."

Tukuna ta ce, ba har abada ba. Ni ne na mayar da shi shekara arba'in, don ya yi mini daɗi. Aka yi ta kirana mijin-ta-ce, ita kuma ana nuna ta a gidan biki a ce ga wadda ta raba Malam Idi da ɗansa saboda ƙuda. Ba ta taɓa mayar wa kowa ba. Baba ya rayu shekara shida bayan haka, ina zuwa gaishe shi kowace safiya, yana amsawa, amma bai taɓa taka gidana ba, ko ranar sunan ɗayanku. Ya rasu bai sani ba. Yaya kuwa, shekara biyu da faruwar abin ya sauke amyoyinsa da kansa ya ƙona, ya bar sana'ar, bai gaya wa kowa dalili ba. Muna haɗuwa a masallaci da jana'iza, mu gaisa kamar maƙwabta. Haka kuka taso ba ku saba da 'ya'yansa ba, alhali tsakanin gidajen bai fi a kira mutum ya ji ba.

Bayan an yi arba'in ɗin mahaifiyarku na shirya da hantsi na tafi gidanmu na da. Na samu Yaya a zaure a kan buzu, ya haura tamanin, sai an ɗaga murya yake ji. Dole na faɗi abin da na ɓoye shekara arba'in da ƙarfi, kamar mai shela, har matan gidan suna jiyowa. Da na gama ya ci gaba da murza carbi.

Can ya ce, "Ashe dai na sake igiyar."

Na ce, "Ka sake ta, Yaya. Sabuwa ce fil."

"Har na fara shakkar kaina. Nakan zauna in ce ko biyar na sake na manta ɗaya." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ita matar taka ta sani?"

Na ce ta sani tun shekarar, kuma na ba shi labarin Habu, domin mai amanar ta tafi, ba abin da zai ƙara kunyata ta. Yaya ya sunkuyar da kai. Hawaye ya bi gemunsa ya ɗiga a kan buzun.

"Kai, zan yafe maka, amma ba yau ba. Ka ba ni kwana biyu." Ya laluba gefensa ya ɗauko sanda. "Yarinyar nan shekara arba'in tana durƙusa mini, ina amsa mata da ƙyar. Kama ni in tashi."

Na ce, "Ina za mu, Yaya?"

"Ka san inda aka sa ta ai. Ni ranar daga baya na tsaya."

Na kama hannunsa muka fito. Maƙabarta ba nisa, amma sai da muka huta sau uku a hanya. Da muka isa na nuna masa, ya saki hannuna, ya jingine sandar, ya durƙusa da kansa a kan gwiwoyin nan nasa da ba sa lanƙwasuwa, ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana addu'a. Ni na koma gefe na tsaya, ina cewa amin.